Ɗalibi da Guminsa: Aikin Lada a Harabar Jami'a

 

An nemi in yi magana a kan aikin da ɗalibi zai riƙa yi ana biyansa alhali yana karatu. Gaskiyar magana, ɗalibanmu sun daɗe da fara aikin, mu ne ba mu tsara musu shi ba. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, jami'o'in tarayya da dama kuma suka ƙara kuɗin rajista a waccan shekarar. Duk malamin da ke shiga aji ya san yaron da ke gyangyaɗi a darasin ƙarfe takwas saboda ya raba dare yana tuƙa Adaidaita Sahu, ya san yarinyar da ke zuwa da kular awara ko cincin a jakar littattafanta. Waɗannan yara sun cancanci yabo. Abin tambaya shi ne, don me jami'ar da ke cike da ayyuka za ta bar su suna neman na abinci a bakin titi?

Haɗa karatu da sana'a gadonmu ne. Gardi yana haddarsa yana ɗinkin hula, ko wanki da guga. Ɗalibin zaure yakan ɗauki karatu da asuba a gaban malam, hantsi ya same shi a rumfarsa a Kurmi ko Kantin Kwari. An ruwaito cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa yakan tufka igiya a sayar ya ci daga guminsa. Ɗalibin da hukuma ke ciyarwa, ta yi masa wanki, boko ce ta kawo shi, kuma bai yi tsawon rai ba. A 1978 ƙarin kwabo 50 a kuɗin abinci ya tayar da tarzomar da aka yi wa laƙabi da sunan kwamishinan ilimi na lokacin, Ahmadu Ali, kafin shekarun 1980 su ƙare kuwa an rufe babin abinci mai rahusa. Gatan ya tafi, amma tunanin cewa ɗan jami'a ya fi ƙarfin aikin hannu ya zauna daram a zukatanmu.

Wani zai ce ai akwai SIWES, shirin tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu. Akwai shi, kuma niyyar da aka kafa shi da ita kyakkyawa ce. Hukumar horar da ma'aikatan masana'antu ta ITF, wadda aka kafa a 1971 da hedikwatarta a Jos, ita ta ɓullo da shirin a 1973, saboda kukan masu masana'antu cewa waɗanda suka kammala karatu sun san inji a littafi amma ba su taɓa kunna shi ba. Ɗan jami'a yakan tafi wata shida, ɗan kwalejin fasaha wata huɗu. To, amma ku dubi alawus ɗin: naira 2,500 a wata, an shafe shekaru a haka. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Ku raba shi gida 30, za ku ga ladan ɗan SIWES na wata guda bai wuce ladan yini ɗaya na ƙaramin ma'aikaci da wani abin kirki ba. Ɗan bautar ƙasa yana karɓar 77,000. Ko rancen karatu na NELFUND, wanda bashi ne da za a biya, yana ba ɗalibi 20,000 a wata.

Nan ne nake so mu tsaya mu yi tunani, domin illar wannan ƙanƙantar lada ba ta faɗa wa kowa daidai. Ɗan mai hali zai tafi Abuja ko Legas, ya sauka gidan kawunsa, ya yi wata shida a babban kamfani, ya dawo da ƙwarewa da lambobin waɗanda za su ɗauke shi aiki gobe. Ɗan talaka kuwa zai nemi ofishin da zai iya takawa da ƙafa daga gida, ko da ba abin da ya haɗa wurin da karatunsa, ya zauna a benci, ƙarshen mako a buga masa hatimi a logbuk. Ga shi masaƙun Kakuri a Kaduna sun durƙushe, masana'antu da yawa a Sharaɗa da Bompai sun rufe ƙofa, guraben sun ƙara ƙaranci. Shirin da aka yi don ya ɗaga kowa ya koma yana faɗaɗa tazarar da yaran suka shigo jami'a da ita. Duk koyon aikin da ba a biya, na 'ya'yan masu hali ne, ko mun so ko mun ƙi.

Wasu ƙasashe sun gane haka tuntuni. A 1906 wani malamin injiniya, Herman Schneider, ya fara tsari a Jami'ar Cincinnati ta Amurka inda ɗalibi ke karɓa-karɓa tsakanin aji da masana'anta, ana biyansa. A 1964 gwamnatin Amurka ta sa kuɗi a dokar yaƙi da talauci don jami'o'i su ɗauki ɗalibai marasa ƙarfi aiki. Wanda ya fi burge ni shi ne Kwalejin Berea da ke jihar Kentucky: ba ta karɓar kuɗin karatu, amma kowane ɗalibi sai ya yi aikin aƙalla awa 10 a mako, ana biyansa, ana kuma rubuta masa rahoton yadda ya riƙe aikin. Tun da kowa na yi, babu mai raina wani.

A harabarmu aiki bai yi kaɗan ba. Laburare na buƙatar masu jera littattafai da masu tsaron dare lokacin jarrabawa. Cibiyar kwamfuta na buƙatar masu gyara, gonar jami'a na buƙatar hannu, 'yan ajin farko na buƙatar 'yan ajin ƙarshe da za su warware musu lissafi da yamma. Ga tarin rubuce-rubucen ajami da ke jiran ɗaliban Larabci da Hausa su ɗauki hotonsu su yi musu fihirisa. Kuɗin kuwa ana iya tsakuro shi daga abin da ake kashewa a ƙananan kwangiloli, da gudummawar tsofaffin ɗalibai, da waƙafin masu hannu da shuni. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, kuma attajirin da ya biya ladan aikin ɗalibi ya ba shi abinci da mutunci a lokaci guda.

Amma akwai iyakoki, in ba haka ba alherin zai koma zalunci. Ingila ta taƙaita wa ɗaliban ƙasashen waje awa 20 a mako lokacin zango. Ni a ganina awa 10 zuwa 12 ta ishi namu, a dakatar kuma in jarrabawa ta matso. A liƙa sanarwar kowane gurbi a allo kowa ya gani, kada ya zama rabon 'yan uwa da abokan arziki. Kada a sallami mai shara ko lebura mai iyali don an samu ɗalibi mai araha. Kada ɗalibi ya taɓa takardun jarrabawar 'yan uwansa. Ina kuma roƙon abokan aikina malamai da babbar murya: aikin na jami'a ne. Kai yara makaranta da cefanen gidan malam ba sa ciki, kuma ɗaliba mace ta san ofishin da za ta kai ƙara ba tare da tsoron makomar makinta ba.

Ya mai girma shugaban wannan zama, buƙatata ga majalisar jami'a ita ce a fara da laburare da cibiyar kwamfuta a zango mai zuwa, a ɗora nauyin a wuyan ofishin kula da harkokin ɗalibai, lada ya riƙa shiga asusun ɗalibi ƙarshen kowane wata ba tare da ya bi ta hannun kowa ba, wanda ya gama kuma a ba shi takardar shaida mai bayyana irin aikin da ya yi da tsawon lokacinsa.