Kwalbar Fitsarin Barewa da Darasinta ga Kasuwanninmu

Jawabin da wata ma'aikaciyar lafiyar al'umma ta gabatar wa 'yan kasuwa da iyalansu ran kasuwa, a bakin iyaka.

Sarkin Kasuwa, Sarkin Pawa, ranku ya daɗe. Iyayena dillalai da mahauta, iyayena mata masu nono da masu abinci, barkanku da kasuwa. Na san kowa ya baro rumfarsa, don haka ba zan riƙe ku da yawa ba. Labarin da na zo da shi yau daga Amurka ya taso, amma a karar dabbobinmu zai sauka.

A Amurka da Kanada akwai manyan bareyin daji masu ƙaho mai rassa, waɗanda ake farautarsu da kaka, daidai lokacin barbararsu. A wannan lokaci namiji yana bin warin fitsarin mace duk inda ya ji shi. Da mutane suka gane haka, sai abin ya zama sana'a. Masu kiwon bareyi cikin shinge suna tara fitsarin, su ɗura a kwalabe, a kai kantuna. Mafarauci ya saya, ya zuba a ƙasa ko ya jiƙa tsumma ya rataye a reshe, ya laɓe yana jira. Kwalbar da aka cika a wata jiha takan ƙare a dajin wata jiha mai nisan gaske.

To, akwai wata cuta mai ramar da barewa har ta kashe ta. An fara lura da ita a 1967 cikin bareyin da aka killace a wata cibiyar bincike a jihar Kolorado. Yau ta bayyana a jihohin Amurka fiye da 30. A 2001 an gano ta a Koriya ta Kudu, a jikin dabbobin da aka sayo da rai daga Kanada. A 2016 ta ɓulla a Norwe, har sai da hukuma ta kashe garke guda na dabbobi sama da 2,000 don ta tsayar da ita. Babu allurar rigakafinta, babu maganinta, kuma dabbar da ta kamu ba ta tashi.

Abin da ke haddasa ta ana kiransa furayon. Wani furotin ne da ke jikin dabba tun asali, sai ya murɗe, ya riƙa murɗe na kusa da shi, har ƙwaƙwalwa ta yi ramuka kamar soso. Dafuwa irin ta tukunyarmu ba ta lalata shi, kuma idan ya zuba a ƙasa yakan yi shekaru da ƙarfinsa. Dabba takan wuce shekara guda da shi tana kiwo kamar lafiyayya, alhali yana fita a yawunta da fitsarinta da kashinta. Sai daga baya ta fara ramewa, tana dalalar da yawu, tana tangaɗi, ta daina gudun mutane. Ke nan mai cika kwalba yana iya rantsewa dabbarsa lafiya lau take, bai yi ƙarya ba, amma cutar tana cikin kwalbar.

Wannan ne ya sa hukumomi suka sa doka. Jihohin Bamont da Bajiniya sun haramta amfani da fitsarin barewa na ainihi wajen farauta a 2015. Wasu jihohin sun yarda da shi ne kawai idan ya fito daga gonar da ake sa wa ido, kuma an gwada shi a ɗakin gwaji kafin a sayar. Tarayyar Turai ta hana shigo da shi daga waje. An bar wa mafarauta na haɗi, wanda ake yi a masana'anta, ba daga jikin dabba ba.

Masu wannan sana'a sun yi ƙorafi, kuma maganarsu tana da kan gado. Sun ce furayon da ke cikin fitsari kaɗan ne ƙwarai in aka gwada da na ƙwaƙwalwa da laka, kuma safarar dabbobi masu rai da gawarwakinsu ta fi yaɗa cutar. Gaskiya ne. Amsar hukumomi ita ce, barewa tana shinshinar inda aka zuba fitsarin, tana lasa, ana kuma zubawa wuri guda shekara bayan shekara. Hasarar mai kanti ana iya mayar da ita, amma dajin da cutar ta shiga babu mai iya wanke shi.

Har yau ba a tabbatar da wani mutum da ya kamu da cutar barewa ba. Duk da haka hukumomin lafiya na Amurka sun ce kada a ci naman dabbar da ta kamu, domin an ga abin da ya faru a Ingila. Can an gano 'yar'uwarta, cutar haukan shanu, a 1986. Sai a 1996 gwamnati ta bayyana cewa akwai alaƙa tsakaninta da wata cutar ƙwaƙwalwa da ke kashe mutane. Mutum 178 ta kashe a Birtaniya, yawancinsu matasa.

Yanzu mu dawo gida. A 2018 masana suka sanar da gano cutar furayon a jikin raƙuma a mayankar garin Wargla ta Aljeriya, daga bisani aka same ta a Tunisiya. Aljeriya maƙwabciyar Nijar ce, kuma kun fi ni sanin yadda raƙuma ke gangarowa daga arewa har Maraɗi da Birnin Ƙonni, su tsallaka Mai'aduwa da Illela da Maigatari. Alamomin da aka gani a can su ne ramewa, rawar jiki, cizon haƙora, kaɗa kai sama da ƙasa, faɗa ba dalili, tangaɗi, da kasa miƙewa bayan faɗuwa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Muna kuma da namu ciwon da ke zama a ƙasa, wato ciwon saifa, wanda likitoci ke kira antiraks. Ƙwayarsa takan yi shekaru gommai a inda aka feɗe mushe. A 2023 ya ɓulla a arewacin Ghana, kuma a watan Yuli na shekarar aka tabbatar da shi a wata gona kusa da Suleja.

Saboda haka ga roƙona guda biyar.

Na farko, raƙumi ko saniya ko tunkiya da ta nuna alamomin da na lissafa, a ware ta daga garke, a kira malamin dabbobi. Kada a gaggauta sa mata wuƙa don gudun hasara, kada kuma a tsallaka da ita wata kasuwa inda ba a san ta ba.

Na biyu, dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, musamman in jini na fita ta hanci ko ta dubura, kada a feɗe ta, kada a cire fatar. A sanar da ofishin kiwo, a binne ta da zurfi, nesa da rijiya da makiyaya.

Na uku, iyayena mata, ku sayi naman da aka yanka a kwata, wanda malamin dabbobi ya duba. Naman da aka kawo a ɓoye da araha, tsadarsa a asibiti take fitowa.

Na huɗu, duk abin da ya fito daga jikin dabba ake sayarwa a kwalba ko a ƙulli, kitse ne ko fata ko fitsari, ku tambayi asalinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a guji shan ɗanyen nonon raƙumi da fitsarinsa, saboda cutar numfashi ta MERS da aka gano a Saudiyya a 2012. Masu ciwon suga da na ƙoda da na huhu su ne suka fi shiga haɗari. Nono kuwa, na raƙumi ne ko na saniya, a tafasa shi kafin a ba yara.

Na biyar, dillalai, ku bi da dabbobinku ta wurin masu duba lafiyar dabbobi a iyaka, ku riƙe takardunsu na allura. Na san akwai jira, akwai kuma kashe kuɗi. Amma ranar da aka ce cuta ta fito daga kasuwar nan, kasuwar za a rufe, kuma ba wanda zai tambayi dabbar wane ce ta kawo ta.

Wanda ya ga wani abu bai gane ba, ya faɗa wa Sarkin Pawa ko ya same mu a ɗakin shan magani, mu za mu kira malamin dabbobi. Ba za a kunyata kowa don ya kawo rahoto ba.

Allah ya tsare mu da iyalanmu da dukiyarmu, ya sa a tashi kasuwa da riba. Wassalamu alaikum.