Samanja bayan sallar isha'i

Daren jiya a Yelwa, can wajen bakin ruwa, na tarar da masunta huɗu sun ajiye taru sun kewaye wayar wani yaro. Tsohon wasan Samanja Mazan Fama suke kallo, hoton duk ya dusashe, amma dariya har da riƙe ciki. Wani dattijo cikinsu yana rigan Samanja faɗin maganar da zai yi, don ya haddace ta tun yana saurayi.

Marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja, wanda ya rasu a 2023, tsohon soja ne, shi ya sa barikin da ya nuna mana a NTA Kaduna ba na kame-kame ba ne. Kaki mai sitaci, gashin baki, tsawa a kan kurata, ga Hausar bariki gauraye da Turancin buroka. Zai cika fili da hargagi, ya dawo gida ƙaramar magana ta ɗaure shi.

Na sha jin masu cewa irin wannan kallo ɓata lokaci ne. Ni dai ban yarda ba. Mutumin da ya wuni a kwalekwale kan tafkin Kainji, ko ya dawo daga fadamar shinkafa a Shanga da ciwon baya, ba ya neman fim ɗin kisa da kuka. Yana son abin da ya san ƙarshensa, wanda zai kalla da jikokinsa ba tare da ya kau da kai ba. Da cajin wayar ya ƙare, sai dattijon nan ya ƙarasa musu labarin da baki.