Ɗaurin Talala a Gaban Kotu: Hana Wanda Ake Tuhuma Tafiya

Hana wanda ake tuhuma da laifi tafiya abu ne da ke tsakanin tsarewa da saki. Ba a kulle mutum ba, ba a kuma bar shi ya nufi inda ya ga dama ba. Hausawa sun daɗe da ba abin suna, ɗaurin talala, daga yadda ake ɗaure akuya da doguwar igiya da damina, ta yi kiwo iya tsawon igiyar ba tare da ta kai ga shukar maƙwabci ba. A Nijeriyar yau igiyar takan zama fasfon da aka karɓe a filin jirgi, ko sunan da aka aika wa hukumar shige da fice, ko sharaɗin beli da ya ce kada mutum ya bar yankin kotu sai da izini. Shekara sittin da ɗoriya ke nan kotunan ƙasar nan suna amsa tambaya guda a kan wannan igiya: wa ke da ikon ɗaura ta, kuma da wace hujja?

Tushen maganar yana sashe na 41 na kundin tsarin mulki na 1999. Sashen ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zirga-zirga da zama a duk inda ya so cikin Nijeriya, ya kuma hana a kore shi daga ƙasar ko a hana shi shiga ko fita. Amma sakin layi na biyu ya bar ƙofa a buɗe: ana iya yin doka da za ta taƙaita motsin wanda ya aikata laifi, ko wanda ake da ƙwaƙƙwaran dalilin zarginsa, domin kada ya bar ƙasar. Abu biyu ne masu ƙara suke kamawa a nan. Na farko, dole taƙaitawar ta fito daga doka, ba daga bakin jami'i ba. Na biyu, dole dokar ta zama wadda hankali zai ɗauka a ƙasar da ke bin tafarkin dimokuraɗiyya. Sashe na 36 kuma ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar. Saboda haka hana shi tafiya ba horo ba ne, dabara ce kawai ta tabbatar da cewa ranar shari'a zai bayyana. Da zarar ta wuce wannan manufa, ta zama hukunci kafin shari'a.

Tun a jamhuriya ta farko aka fara gwada wannan. A 1962, lokacin dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma, kantoman da gwamnatin tarayya ta naɗa, Dakta Moses Majekodunmi, ya tsare fitaccen lauya Rotimi Williams a cikin tazarar mil uku a Abeokuta. Williams ya kai ƙara, Kotun Ƙoli ta lokacin ta soke umarnin, domin ba a kawo abin da ya nuna cewa tsaron jama'a yana buƙatar hakan ba. A Janairun 1980 kuma gwamnatin tarayya ta kwashi Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar dokokin Borno, ta kai shi Chadi da cewa ba ɗan ƙasa ba ne. Babbar kotu a Maiduguri ta ce ɗan ƙasa ne, korar kuma haramtacciya ce.

Shari'ar da lauyoyi suka fi jingina da ita a maganar fasfo ita ce ta Olisa Agbakoba. A Afrilun 1992 yana kan hanyarsa ta zuwa wani taro a birnin Heg na ƙasar Holan, jami'an tsaro na farin kaya suka tare shi a filin jirgin Murtala Muhammed da ke Legas, suka karɓe fasfonsa ba tare da faɗin dalili ba. Babbar kotun Legas ta kori ƙararsa. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ba shi gaskiya a 1994, da hujjar cewa 'yancin fita ƙasa ba shi da amfani idan babu takardar da ake fita da ita. Kotun Ƙoli ta rufe maganar a 1999: dokar fasfo ta 1985 ministan cikin gida ta ba ikon janye fasfo, bisa dalilai da ƙa'idojin da ta zayyana, ba hukumar farin kaya ba. Shekara bakwai aka yi ana wannan shari'a a kan taron da aka tashi tun a makon da aka fara rigimar.

Kanawa sun ga irin wannan a gida. A 1984 gwamnatin soja ta karɓe fasfon Sarkin Kano Ado Bayero da na Sarkin Ife saboda ziyarar da suka kai Isra'ila, ta kuma hana su barin masarautunsu na wata shida. Zamanin soja ne, maganar ba ta zama ta kotu ba. Shekara talatin bayan haka labarin ya sha bamban. Ranar 20 ga Fabrairun 2014 aka dakatar da Sanusi Lamido Sanusi daga shugabancin Babban Bankin Nijeriya yana wajen taro a Yamai. Da saukarsa Legas jami'an farin kaya suka karɓe fasfonsa. Ya garzaya Babbar Kotun Tarayya, kuma a watan Afrilu Mai Shari'a Ibrahim Buba ya ba da umarnin a mayar masa da fasfon, a nemi afuwarsa, a biya shi diyyar naira miliyan 50. Hukumar ta ce bincike take yi a kansa. Kotu ta nuna cewa faɗin ana bincike bai isa hujja ba, sai an kawo abin da binciken ya dogara a kai.

Korar sarakunan da aka tuɓe dangin wannan ce, ko da yake ta fi tsufa. Turawa sun kai Sarkin Kano Alu Lakwaja bayan 1903, a 1963 kuma Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya ya koma Azare. Al'adar ta ci gaba har kotuna suka taka mata birki. A 2013 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce kai Sarkin Gwandu Mustapha Jokolo Jihar Nasarawa bayan tuɓe shi ya saɓa wa tsarin mulki. Da aka tuɓe Muhammadu Sanusi na biyu, wato Sanusi Lamido Sanusi da ya zama Sarkin Kano, ranar 9 ga Maris 2020 aka kai shi Loko sannan Awe, kwana huɗu kacal Mai Shari'a Anwuli Chikere ta ba da umarnin a sake shi, a Nuwamban 2021 kuma ta yanke cewa korar haramtacciya ce, ta sa diyyar naira miliyan 10.

A 2018 gwamnatin tarayya ta gwada wata hanya. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a umarnin shugaban ƙasa mai lamba 6 a watan Yuli, kan kadarorin waɗanda ake tuhuma da cin hanci. Wasu lauyoyi suka ƙalubalance shi. A watan Oktoba Mai Shari'a Ijeoma Ojukwu ta ce umarnin bai saɓa doka ba, amma duk matakin da za a ɗauka a kan wani sai an nemi izinin kotu tukuna. Kwanaki kaɗan bayan haka fadar shugaban ƙasa ta sanar da hana mutum 50 fita ƙasar, ba tare da bayyana sunayensu ba. A nan ne aibin tsarin ya fito fili, domin wanda bai san an sa sunansa ba, ba zai iya kai ƙara ba sai ranar da aka dawo da shi daga bakin jirgi.

Ba za a yi wa hukuma adalci ba idan aka ɓoye cewa tsoronta yana da tushe. Abdulrasheed Maina, da a lokacin ake tuhuma kan kuɗin 'yan fansho, ya samu beli bayan Sanata Ali Ndume ya tsaya masa a kan naira miliyan 500. Ya daina zuwa kotu, a Nuwamban 2020 aka tura sanatan gidan gyaran hali na Kuje, kwanaki kaɗan bayan haka aka kamo Maina a Jamhuriyar Nijar. Darasin bai tsaya ga cewa mutane kan gudu ba. Ya nuna cewa riƙe fasfo ba ya tsare wanda ya yi niyyar gudu a ƙasar da iyakarta ta arewa take a buɗe. Mai son ɓacewa daga Bagwai ba ya buƙatar filin jirgin Malam Aminu Kano. Motar Katsina ta ishe shi, daga can Jibiya, da yamma yana Maraɗi. Abin da ya fi riƙe mutum shi ne wanda ya tsaya masa, da gonarsa, da iyalinsa, da kunyar garinsu.

Wannan ne ya kawo maganar ƙofar gida. Duk sunayen da aka ambata na manya ne masu manyan lauyoyi, kuma mutumin ƙauye yana iya cewa wannan faɗan giwaye ne. Amma ɗaurin talala ya fi yawa a ƙananan kotuna fiye da filayen jirgi. A ɗauki misalin manomin da rikicin iyakar gona ya kai shi ga dambe, aka gurfanar da shi kan laifin raunata maƙwabci. Alƙali ya ba da belinsa a watan Nuwamba, da sharaɗin kada ya bar yankin kotun, kuma ya riƙa kai kansa ofishin 'yan sanda duk mako. An gama girbi, an ɗaure dammunan gero an zuba a rumbu. Abokansa sun hau mota sun tafi ci-rani Legas da Fatakwal. Shi ba shi da fili a noman rani na madatsar Watari, kuɗin takin baɗi kuwa daga ci-ranin nan yake fitowa. Aka ɗage shari'ar zuwa Janairu, mai gabatar da ƙara bai zo ba, aka ɗage zuwa Maris, sannan zuwa bayan salla. Kafin a saurari shaida ɗaya, rani ya wuce. Ko da an wanke shi daga baya, ya riga ya biya tarar da babu alƙalin da ya yanke masa. Haka abin yake ga ɗan kasuwar hatsi mai kai kaya Dawanau ya wuce da su kudu, da maniyyacin da ya biya kuɗin kujera sannan aka ce ya ajiye fasfo a kotu.

Doka ba ta bar irin wannan mutum hannu rabbana ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ce sharuɗɗan beli suna hannun alƙali, amma kada su yi tsanani fiye da kima, kuma Jihar Kano ta yi tata dokar a 2019 a kan wannan tafarki. Sharaɗin beli ba wahayi ba ne. Kotun da ta gindaya shi tana iya sassauta shi idan aka nema, babbar kotu kuma tana iya gyara na ƙaramar kotu. Omoyele Sowore ya yi fiye da shekara biyu ba ya iya barin Abuja bisa sharaɗin belin 2019, har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ɗage wannan sharaɗi a 2022. Hujjar da ta yi masa aiki ita ce za ta yi wa ɗan ci-rani: sharaɗin ya wuce abin da ake buƙata don a tabbatar da zuwansa kotu.

Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na Kano ke aiki da shi, bai yi nisa da wannan ba. Asali mutum kuɓutacce ne, kawo hujja kuma nauyin mai da'awa ne. Malamai sun san lamunin fuska, wato wani ya ɗauki alkawarin kawo mutum gaban alƙali ranar da ake nemansa. Sun yarda mai bin bashi ya hana wanda yake bi tafiya idan lokacin biya zai cika yana can, amma hanin yana faɗuwa idan ya bar wakili ko mai lamuni. Baƙuntar da mutum daga garinsu kuwa horo ne da ke zuwa bayan an tabbatar da laifi, ba kafin nan ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne bin umarnin kotu. A Nuwamban 2015 Mai Shari'a Adeniyi Ademola ya ba Sambo Dasuki, wanda ake tuhuma a gabansa, izinin fita neman magani, jami'an farin kaya suka zagaye gidansa a Abuja, tafiyar ba ta yiwu ba. Daga baya aka tsare shi, Kotun ƙungiyar ECOWAS ta ce a sake shi a 2016, bai fito ba sai Disambar 2019. Sheikh Ibrahim Zakzaky na Zariya ya samu izinin babbar kotun Kaduna ya tafi Indiya a Agustan 2019, ya dawo cikin 'yan kwanaki bayan saɓani kan yadda ake tsaronsa a asibiti. Kotu ta sallame shi da matarsa a Yulin 2021, amma sai a 2023 suka samu takardun fita. Hukuncin da ba a bi ba yana rage wa kotu kwarjini, kuma abin da ƙaramin jami'i ya ga manyansa suna yi, shi zai kwaikwaya a ƙauye.

Hanyar neman haƙƙi iri biyu ce, gwargwadon wanda ya ɗaura igiyar. Idan kotu ce ta sa sharaɗin, ita ake komawa da takardar roƙo da takardar rantsuwa, a faɗi inda za a je, da dalili, da ranar dawowa, mai tsayawa kuma ya amince. Tafiya ba tare da wannan izini ba tsallake beli ne, kuma wanda ya tsaya shi zai fara ɗanɗana kuɗarsa. Idan kuwa 'yan sanda ne ko wata hukuma suka riƙe fasfo ko suka hana tafiya ba da umarnin kotu ba, sashe na 46 ya ba mutum damar shigar da ƙara kai tsaye a babbar kotun jiha ko ta tarayya, bisa ƙa'idojin kare 'yancin ɗan Adam na 2009, waɗanda suka ba da damar wani ya shigar a madadinsa. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya neman Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976 kuma take da ofishi a Kano. Belin 'yan sanda kyauta ne, kuma a dokar 2015 mace tana iya tsaya wa wanda ake tuhuma kamar yadda namiji zai tsaya.