Ɓoye Suna ko Shari'a a Bainar Jama'a: Jawabin Sakatare a Taron Ƙungiya

Mai girma Sarkin Hausawa, iyayenmu, malamai, 'yan'uwa maza da mata.

Tambayar da ake yawan kawo mana ita ce: in an hana mutum ƙarin girma ko an sallame shi daga aiki saboda ƙabilarsa ko addininsa, ko an matsa wa mace da neman lalata, za a iya kai ƙara ba tare da suna ya fita ba? Tsoron yana da dalili. Mu baƙi ne a nan, kowa ya san kowa, kuma wanda aka yi wa lakabin mai kai ƙara yakan sha wuya kafin ya sake samun aiki.

Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila, asali, jinsi ko addini. Gyaran da aka yi masa a 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraron irin wannan ƙara, kuma tana zama a Legas, Ibadan, Enugu da Fatakwal. Amma sashe na 36 ya ce a fili ake shari'a, kuma dole wanda ake ƙara ya san mai ƙararsa don ya kare kansa. Ke nan babu yadda za a ɓoye wa mai gidan aiki sunanka. Abin da lauya zai iya roƙo shi ne alƙali ya kare sirrinka daga sauran jama'a, musamman a batun lalata ko rashin lafiya. Roƙo ne, alƙali ke da ikon amincewa ko ƙi.

Kada kuma mu ɗauki buɗaɗɗiyar kotu abokiyar gaba. A 2013 wata ma'aikaciya ta yi nasara a kan kamfanin Microsoft na Nijeriya a wannan kotu, kan matsin neman lalata. Sunanta ya fita, amma da yake hukuncin a fili yake, lauyoyi na kafa hujja da shi. Da a ɓoye aka yi, da ita kaɗai ta amfana. Kuma baƙo, wanda ba shi da uwa a gindin murhu, ya fi kowa bukatar a yi masa shari'a a gaban idon jama'a.

Shawararmu uku ce. Na ɗaya, a adana takardar ɗaukar aiki, takardar albashi da saƙonnin waya. Na biyu, a tambayi lauya batun suna tun kafin a shigar da ƙara, domin magana zarar bunu ce. Na uku, wanda ke tsoron fallasa ya nemi a bi ta sashen sasantawa na kotun, inda ake magana cikin sirri.

Mu kuma, wanda ya daure ya fito da sunansa, mu raka shi kotu, kada mu mai da shi abin tsegumi a majalisa.

Allah Ya ba mai gaskiya sa'a. Wassalam.