Gardamar Kaset Ɗin Nan Har Yau Ba Ta Mutu Ba

Jawabin da wakilin 'yan ajin 2005 ya gabatar a wajen walimar shekara ta tsofaffin ɗalibai



Da sakatare ya aiko mini da takarda cewa ni zan yi magana a madadin ajinmu, sai ya ce in zaɓi abin da na ga dama, muddin dai ba zan wuce minti goma sha biyar ba. Na san abin da ake tsammani daga bakin ma'aikacin gwamnati, wato kasafin kuɗi da gyaran azuzuwa. To, fayil a ofis na baro shi. Yau a kan wani kaset zan yi magana, wanda Malam mai kula da ɗakinmu na kwana ya ƙwace daga hannunmu muna aji biyar. Ga shi can na hango shi yana murmushi, alamar bai manta ba. Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa, laifin ya tsufa.

Mu huɗu ne masu laifin. Ɗayanmu ne ya dawo daga hutu da wata 'yar rikoda da kaset guda da ya tsinto a akwatin kawunsa, wanda ya yi karatu a Ingila. Sunan makaɗan Black Sabbath, sunan faifan kuma Paranoid. Irin kiɗan nan ne da Turawa ke kira hebi metal, wato ƙarfe mai nauyi, kuma sunan ya dace da shi, don kuwa ranar da muka fara sa shi mun zaci rikodar ce ta lalace. Sai da muka yi mako guda kafin kunnenmu ya soma rarrabe jita da ganga. Daga nan fa sai gardama ta ɓalle: a cikin waƙoƙi takwas da ke ciki, wacce ce ta ɗaya?

A lokacin mun ɗauka mu kaɗai ne a duniya ke wannan gardama. Sai da na shiga jami'a na gane ashe masoya wannan kiɗa sun fi shekara talatin suna yin ta kafin mu, yanzu kuwa ta haura hamsin.

Bari in ɗan ba da tarihi saboda waɗanda ba su san su ba, wanda na tabbata su ne mafi yawa a wannan zaure. Samari huɗu ne 'yan unguwar Aston a birnin Birmingham, unguwar da masu kallon ƙwallo suka sani saboda Aston Villa. Ozzy Osbourne ne mai waƙa, Tony Iommi mai jita, Geezer Butler mai jitar bes, wato mai kaurin amo, shi ne kuma marubucin yawancin baitocin, sai Bill Ward mai ganguna. 'Ya'yan talakawa ne, an haife su a 1948 da 1949, suka tashi a garin masana'antu da jiragen Jamus suka yi wa ruwan bama-bamai a Yaƙin Duniya na Biyu. Ozzy har a mahauta ya yi aiki. Shi kuwa Iommi, yana ɗan shekara 17, a ranarsa ta ƙarshe a wata masana'antar ƙarfe, inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama. Da yake bahago ne, da wannan hannun yake danna tsirkiya. Sai ya narka robar kwalba ya yi wa yatsun hula, ya sa tsirkiyoyi marasa kauri, ya ci gaba da kiɗinsa. Sunan da ke tsorata mutane kuwa, daga wani fim na ban tsoro na 1963 suka aro shi. Faifan ya fito a watan Satumba na 1970, ya kai na ɗaya a kasuwar faifai ta Ingila, kuma a 2017 mujallar Rolling Stone ta Amurka ta sa shi na ɗaya a jerin faifai ɗari mafi girma na wannan irin kiɗa.

To, a kan faifan babu jayayya. A kan waƙoƙin ne ake ja-in-ja, kuma galibi tsakanin uku ne.

Ta farko ita ce War Pigs, wato aladun yaƙi. Ita ce ke buɗe faifan, da jiniya irin ta harin jiragen sama, kuma tana cin kusan minti takwas. Zambo ce ga janarori da 'yan siyasa masu kitsa yaƙi, su tura 'ya'yan talakawa, su koma gida su kwanta. A lokacin ana tsakiyar yaƙin Biyetnam. Da sunanta ma aka so a kira faifan baki ɗaya, kamfani ya canza, shi ya sa har yau hoton da ke bangon na wani mutum ne riƙe da takobi da garkuwa, wanda bai da wata alaƙa da sunan da aka buga a kai. Magoya bayanta suna cewa ita ce ta fi faɗin magana, ita ce kuma ta fi nuna abin da kowane ɗaya daga cikin huɗun zai iya. A ɗakinmu, mai kare ta shi ne wanda yanzu lauya ne, ga shi nan zaune a layi na uku. Tun a lokacin ba ya son abin da ke ƙarewa da wuri.

Ta biyu ita ce Paranoid ɗin kanta, wadda ba ta cika minti uku ba. Labarinta shi ne abin mamaki. Sun gama aiki aka ga faifan bai cika ba, aka ce su ƙaro wani abu, suka haɗa ta cikin ƙasa da rabin awa. Cikon benci ce ke nan, amma ita ce ta kai ta huɗu a kasuwar waƙoƙi ta Ingila, ita ce kuma ta shigar da su gidajen rediyo. Masu sukarta suna cewa ai abin da aka dafa a tsaye ba zai fi wanda aka kwana ana dafawa ba. Masu sonta kuwa suna cewa da ba don ita ba, wa zai sayi faifan har ya ji sauran? Ni nan nake a lokacin. Dalilina ba na ilimi ba ne: tana ƙarewa kafin firifet ya iso daga wancan ƙarshen baranda.

Ta uku ita ce Iron Man, mutumin ƙarfe, wadda ba ta da haɗi da jarumin fim ɗin nan da yaranmu ke kallo. Labarin wani ne da ya tafi ya gano bala'in da ke tafe, a hanyar dawowa ya rikiɗe ya zama ƙarfe, ya kasa magana, mutane suka yi banza da shi suna yi masa dariya, daga ƙarshe shi da kansa ya zama bala'in da ya hango. Amon jitarta a hankali yake tafiya kamar takun giwa, kuma duk wanda ya ji shi sau ɗaya zai iya yin sa da baki. Mai kaset, a nan ya kafe, ba a taɓa ɗaga shi ba.

Na huɗunmu ɗan gidan makaɗa ne, shi kuwa ya zaɓi Rat Salad, wadda babu ko baiti ɗaya a cikinta, minti biyu da rabi ne, ganguna ne suka fi fitowa a ciki. Kusan ko'ina a duniya ita ake sa wa a ƙarshen jeri. Ya ce mu jahilai ne, mai gangan nan da a garinsu yake da an ba shi riga. Ban taɓa samun amsar da zan ba shi ba.

Masana ma ba su raba gardamar ba. A 2023 waccan mujalla ta sa War Pigs ta biyar, Iron Man ta bakwai a cikin waƙoƙin hebi metal gaba ɗaya, Paranoid tana bayansu. Su kuwa masu abin, ranar 5 ga Yuli, 2025, da suka yi wasansu na bankwana a filin Villa Park, waƙa huɗu kacal suka yi, uku daga wannan faifan, kuma da Paranoid suka rufe. Bayan kwana 17 Ozzy ya mutu. Ranar lauya ya bugo mini waya, ba don jaje ba, sai don ya tuna mini cewa da War Pigs suka buɗe.

Yanzu ga abin da ya sa na kawo wannan magana gabanku. Kaset fuska biyu gare shi. Waɗannan ukun duk a fuskar farko suke, tare da wata mai sanyi da ake kira Planet Caravan. Batir kuwa tsada gare shi ga ɗan makarantar kwana. Saboda haka in fuskar farko ta ƙare, sai mu zare kaset mu soka biro mu mayar da shi baya da hannu, mu sake daga farko. Fuska ta biyu, in ban da naci irin na ɗan makaɗa, da ba mu taɓa jin ta ba. Ko da muka ji, da rabin kunne ne. Ashe jerin da muke ta rantsuwa a kai, rabinsa batir ne ya tsara mana.

A fuska ta biyun nan akwai wata mai suna Hand of Doom, minti bakwai. Da jitar bes kaɗai take farawa, a hankali, kamar mai sanɗa, sai kiɗan ya fashe, ya sake lafawa, ya sake fashewa, a tsakiya ya zabura da gudu, daga ƙarshe ya koma ga sanɗar nan har ya ɓace. Butler ya rubuta ta ne a kan sojojin Amurka da suka dawo daga Biyetnam suna yi wa kansu allurar hiroyin. Tana bin mutum tun daga ƙwayar farko har zuwa kabari. Muna yara mun ce ta cika tsawo.

Na sake jin ta a 2018, shekarar da gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. A shekarar ne na sami labarin inda mai kaset ya shiga. Na nemi izninsa kafin in faɗi wannan, ya ce in faɗa, ai ba wanda bai sani ba, magana ce kawai ba a yi. Daga kwalba ɗaya ya fara, don ya sami barci bayan ya rasa aiki. Aurensa ya mutu. Mu abokansa, ni a gaba, muka rage ɗaukar wayarsa, saboda mun san abin da zai roƙa. Ina cikin mota a hanyar ofis waƙar ta zo, na gangara gefen titi na tsaya har ta ƙare. Tun daga ranar, in aka tambaye ni, Hand of Doom ce ta ɗaya, War Pigs ta biyu, Paranoid ɗina na dā ta gangara ta huɗu.

Lauya bai yarda ba, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce wane irin gargaɗi ne wannan, alhali su masu waƙar daga baya suka dulmuya cikin abin da suka yi gargaɗi a kai, har a 1979 sauran suka sallami Ozzy saboda giya da ƙwaya? Na ce masa likita mai shan taba, in ya ce taba tana kisa, ai bai yi ƙarya ba. Ya ce wannan amsar ma'aikacin gwamnati ce.

Watan jiya na je na ga mai kaset a gidan yayarsa, inda yake zaune tun da aka sallamo shi daga asibiti. Alhamdu lillahi, wata goma sha ɗaya ke nan bai taɓa komai ba. Ya rame, amma bakin yana nan. Cikin hira na gaya masa sabon jerina, ina tsammanin zai ce na yi daidai. Sai ya yi dariya har da tari. Ya ce waccan waƙar ta masu kallo daga waje ce, shi ya sa ta burge ni. Ya ce shi har gobe Iron Man ce ta ɗaya, kuma yanzu ne ma ya san dalili: mutum yana tsaye a tsakiyar jama'ar da ya sani, jikinsa ya yi nauyi, bakinsa ya ƙi buɗuwa, kowa yana ratse shi ya wuce. Bai ce ni ba. Bai kuma kalle ni ba da yake faɗa. Na dawo gida na sa waƙar sau uku, kuma gaskiyar magana, jerin nawa ya sake rikicewa.

Kaset ɗin kuwa yana nan. Malam ya mayar mana da shi ranar da muka gama jarrabawar fita, ya kuma shaida mana cewa ya saurare shi don ya san irin ɓarnar da muke yi, duk hayaniya ce, in ban da ta ukun nan mai sanyi. Ashe ranka ya daɗe kai ma kana da jeri.

Shugaba, ba kuɗi na zo nema ba, yayarsa tana ƙoƙari. Ranar Asabar mai zuwa ni da lauya da ɗan makaɗa za mu koma wurinsa, za mu tashi daga ƙofar makaranta da ƙarfe tara na safe. Motata tana da sauran wuri ɗaya, in an sami wata motar kuma, to madalla. Wanda zai je ya ba sakatare sunansa kafin a tashi. Lauya ya yi alkawarin samo rikoda, ni ne mai sayen batir.