Yadda A Ke Ɗinka Bargon Auduga

Yau zancenmu a kan ɗari ne, da dabarar tare shi.

Kun sani daga watan Disamba zuwa Janairu hunturu ya kan tsananta. Wanda ba shi da abin rufa ya kan kwana da wuta a ɗaki. Nan haɗari ya ke. Tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye ɗakin ciyawa. Garwashi kuma, in an rufe ƙofa da shi, ya kan fid da wata iska mai guba, ba a ganinta, ba a jin warinta, ta kashe mutum cikin barci. Rigakafi ya fi magani. Bargon kanti yana da tsada, amma kowa yana iya ɗinka nasa a gida.

Wannan ba baƙon aiki ba ne. Wanda ya taɓa kallon hawan salla a Kano ko Katsina ya ga 'yan lifidi. Mene ne lifidi? Ƙyalle biyu ne, da abin cushe a tsakani, aka bi da ɗinki. Haka bargonmu ya ke.

Ga abin da za ku tanada: tsofaffin zannuwa ko ƙyallayen da su ka ragu wajen tela, da auduga, da doguwar allura, da zare mai ƙarfi. Ku wanke ƙyallayen da ruwan zafi da sabulu saboda kwarkwata, ku shanya. Ku harhaɗa su, ku fid da shimfiɗa biyu, kowace tsawonta yadi 2, faɗinta yadi 1 da rabi.

Audugar kuwa a gurje ta, a cire gurya, a shiɓe ta da baka har ta yi laushi. Ku lura da wannan: ba nauyin bargo ke kawo ɗumi ba. Iskar da ta maƙale cikin auduga ita ke tsare zafin jikinku, ta hana shi fita. Saboda haka kada ku danƙare ta. Audugar rimi kuwa ku bar wa matashin kai, don santsi gare ta, ba ta zama wuri ɗaya, ga saurin kama wuta.

To, sai ku shimfiɗa zane ɗaya bisa tabarma, ku baza auduga bai ɗaya, kaurin yatsu 2, ku rufe da ɗaya zanen. Ku fara ɗinki daga tsakiya, kuna yowa baki, allura tana ratsa zannuwan duka biyu. In kun fara daga baki, auduga za ta taru a tsakiya ta yi tozo. Tsakanin layi da layi ku bar yatsu 4. Kun gama na tsaye, sai ku bi na kwance, ya zama gida-gida kamar dara. Waɗannan gidaje su ke riƙe auduga, kada ta dunƙule. Daga ƙarshe ku kalmashe baki kewaye.

Sauran kiyayewa. Ku riƙa shanya shi a rana, kuna kakkaɓewa. Kada a ajiye shi da danshi, sai ya yi fumfuna. Kada a kusa da shi wurin fitila ko murhu. Jariri kuwa ba a rufa shi da bargo mai kauri, kada ya toshe masa numfashi. A sa masa riga mai ɗumi, fuskarsa a buɗe.

Yanzu kowa ya ɗauki fensir ya rubuta awon nan: yadi 2, yadi 1 da rabi, yatsu 2, yatsu 4. In an tsinci audugar bana, ku ware ta bargo tun ba ku kai kasuwa ba. Mata su shiɓa, maza su ɗinka, a fara da na yara.

Allah ya ba mu lafiya, amin.