Jawabin Ma'ajin Ƙungiya Kan Zaɓe Da Ajiyar Kuɗi

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, shugabannin kasuwa, 'yan'uwa maza da mata.

Zaɓen 2027 na matsowa, na kuma ji wasunmu suna cewa ba za su yi zaɓe ba, kuɗinsu ma za su kwashe daga banki. Wallahi ban ga laifinsu ba. Dattawa suna tune da zaɓen 12 ga Yunin 1993 da aka soke, da bankuna 26 da aka rufe a 1998, kuɗin bayin Allah suka maƙale. Matasa kuwa sun ga canjin kuɗi daf da zaɓen 2023. Mutum da kuɗinsa ya kwana a layi, mai tumatir yana kallon kayansa suna ruɓewa don ba tsabar saye.

To amma, jama'a, mu baƙi ne a nan. In rikici ya tashi, rumfa da ɗaki ake fara ƙonawa, kuɗin ƙarƙashin katifa kuwa ba mai biyan diyyarsu. Na banki suna da inshorar hukumar NDIC, wadda a 2024 aka ɗaga zuwa naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci. Don haka a raba ƙafa: na cefane da ciniki a hannu, jari a banki biyu.

Batun ƙuri'a kuwa, wanda katinsa ke gida Arewa ya nemi a mayar masa da shi nan, domin ɗan siyasa ba ya sauraron unguwar da ba ta da ƙuri'a. Sakatare zai karɓi sunaye bayan sallar Juma'a.